Malam, Rage wa Majigi Kaya

Sharhinmu na yau na malaman makaranta ne, musamman waɗanda yanzu suke shiga aji da kwamfuta a hammata su haska darasi a bango. Amma iyaye ma kada ku kauda akalar rediyo, domin 'ya'yanku ne ke zaune a kan benci suna ƙura wa bangon ido.

Na'urar nan da ke haska rubutu da hoto a bango, yaran yanzu furojekta suke ce mata. Ni majigi na tashi na ji ana cewa, kuma da shi zan yi magana. Waɗanda suka manyanta za su tuna yadda motar majigi ta gwamnati take shigowa gari tun zamanin Turawa, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada da dare, a nuna fim a kan tsaftar rijiya ko noman auduga ko rigakafi. A gefen ƙyallen akwai mutum tsaye da lasifika yana yi wa jama'a bayani da Hausa. Hoto yana kan ƙyalle, magana tana bakin mutum. Ku riƙe mini wannan, za mu dawo kansa.

A zangon karatun da ya wuce na raka wani abokina malamin kwalejin ilimi duba ɗalibansa da ke koyon aikin koyarwa a wata sakandaren gwamnati. Makarantar tana da majigi ɗaya tal, kyautar tsofaffin ɗalibai, ana adana shi a ofishin shugaba cikin kwalinsa kamar kayan lefe. Wani saurayi cikin masu koyon aikin, yaro mai ƙwazo da ladabi, ya nemi alfarma aka ba shi aro. Darasinsa na tarihi ne, jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma ya gaya mana kwana uku ya yi yana haɗa shi. Shafi arba'in da biyu, a darasin minti arba'in.

Shafin farko ya zo da furanni a kusurwa huɗu, ga sunan malam yana juyawa yana saukowa daga sama, har da ƙarar tafi. Yara suka yi shewa. Daga nan sai rubutu, layi goma sha huɗu ko sha biyar a kowane shafi, an kwafo daga littafi ba a rage ko wasali ba, da launin ruwan ɗorawa a kan kore mai haske. Ƙarfe goma sha ɗaya na safe ne, tagogin ajin babu labule, wasu ma babu ƙyaure, rana ta shigo ta wanke bangon tas. Na zauna a bencin baya kusa da wata yarinya, na ga ta kare goshi da tafin hannu tana ƙanƙance ido. Ni da tabarau ma ban iya karanta layin ƙasa ba. Shi kuwa malamin ya juya wa yara fiye da saba'in ƙeya, yana karanta bangon kalma bayan kalma. 'Yan gaba suna ta kwafa, hannu na rawa. Da ya danna ya wuce sai aji ya ɗauka baki ɗaya: “Malam, ba mu gama ba!” Ya koma baya, ya jira, ya sake dannawa. Aka kaɗa ƙararrawa yana shafi na goma sha ɗaya, Shehu bai ma bar Degel ba.

Ba dariya nake yi masa ba, don na ga farfesoshi suna yin abin da ya fi wannan a manyan taruka. Kuma laifin ba nasa ne shi kaɗai ba, manhajar da ya buɗe ita ma tana da nata kason. PowerPoint dai ba don aji aka yi ta ba. Wasu mutum biyu, Robert Gaskins da Dennis Austin, suka ƙirƙire ta a wani ƙaramin kamfani mai suna Forethought a Amurka, ta fito a 1987, kuma a cikin shekarar Microsoft ya saye kamfanin a kan dala miliyan 14. Mutanen ofis da 'yan kasuwa aka yi wa ita, waɗanda ke son burge manaja ko mai zuba jari. Bayanta Google ya fito da tasa a 2007, wadda yanzu ake kira Google Slides, sai Canva daga Ostireliya a 2013, mai dubban shafuka da aka riga aka ƙawata. Duk sun sauƙaƙa abu guda, wato ƙara kaya. Danna nan fure ya fito, danna can rubutu ya yi tsalle. To mutum in aka sa shi gaban tire cike da nama aka ce kyauta ne, da wuya ya ɗauki tsoka ɗaya ya tashi.

Sai dai kan yaro ba buhu ba ne da za a yi ta ɗurawa. Wani masani a Ostireliya, John Sweller, ya yi bayani tun 1988 cewa wurin da ƙwaƙwalwa take riƙe sabon abu kafin ta fahimce shi ɗan ƙanƙani ne, kuma duk abin da ya shiga wurin, ko mai amfani ko tarkace, gurbi yake ci. A da ana cewa abu bakwai mutum yake iya riƙewa a lokaci guda, daga baya wani masanin, Nelson Cowan, ya ce a gaskiya bai wuce kamar huɗu ba. Malamin allo bai karanta waɗannan mutane ba, amma ai ba ya rubuta wa ƙolo izu guda a allo. Gwargwadon abin da zai iya riƙewa ake rubuta masa, in ya haddace ya wanke, a ƙara masa.

Wanda ya fi kowa bin diddigin maganar a kan hoto da rubutu shi ne Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, wanda ya tara sakamakon gwaje-gwajensa a wani littafi a 2001. Akwai gwajinsa guda da nake so. An shirya darasi a kan yadda walƙiya take samuwa a cikin hadari. Wasu ɗalibai aka ba su darasin tsurarsa, wasu kuma aka ƙara musu labarai da hotuna masu ɗaukar hankali, irin na mutanen da tsawa ta faɗa wa. Da aka zo tambaya, waɗanda aka yi wa ƙarin daɗin su ne suka fi kasa bayyana yadda walƙiyar take haɗuwa. Labarin ya yi musu daɗi, ya kuma cinye gurbin darasin. Mayer ya kuma gano cewa in ana nuna hoto mai motsi ana bayaninsa da baki, sannan aka rubuta ainihin kalmomin bayanin a kan allon, fahimta raguwa take yi, domin ido ya rabu biyu, yana bin hoto yana bin rubutu. Kun ga mun dawo wajen mai lasifikar ƙofar fada.

Kada kuma a ɗauka abin na yara ne kawai. Ranar 16 ga Janairu 2003 kumbon Columbia na hukumar NASA ya tashi, wani guntun soso mai lulluɓe da tankin mai ya ɓalle ya bugi fiffikensa na hagu. Kumbon yana sama injiniyoyi suka yi wa manya bayani da shafukan PowerPoint. Wani malamin Jami'ar Yale, Edward Tufte, ya zo daga baya ya feɗe ɗaya daga cikin shafukan. Taken da ke sama da manyan haruffa mai kwantar da hankali ne. Can ƙasa, a layin ƙarshe, da ƙananan haruffa, aka rubuta alƙaluman da ke nuna cewa guntun da ya bugi kumbon ya ninka wanda aka taɓa yin gwaji da shi sau 640. Ranar 1 ga Fabrairu kumbon ya tarwatse a samaniyar jihar Texas yana dawowa, 'yan sama jannati bakwai suka mutu. Kwamitin bincike ya lissafa dalilai masu yawa, amma ya ware wuri musamman ya koka da yadda ake binne muhimmiyar magana cikin irin waɗannan shafuka. In manyan injiniyoyi za su tsallake layin ƙasa, ina ga yarinyar bencin baya?

Bayan darasin mun zauna da saurayin nan ƙarƙashin wata darbejiya, jikinsa duk ya yi sanyi. Na ce masa, “Ɗana, rufe kwamfutar nan, ba ni takarda da biro.” Na tambaye shi, in yaran nan za su manta komai su tafi gida da abu uku kacal, me yake so su tafi da shi? Ya yi shiru, can ya ce: dalilin da ya raba Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, da hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, da yadda yaƙi ya kai ga faɗuwar Alƙalawa a 1808. Na ce to ai ka gama haɗa darasinka, saura ka nemo abin da ido yake bukatar gani. Labarin hijira da yaƙi labarin wurare ne, ke nan taswira yake nema. Taswira ɗaya, fara, babu ado. Ka ce Degel, ɗigo ya bayyana. Ka ce sun yi hijira, kibiya ta miƙe zuwa Gudu. Ka zo gumurzun Tafkin Kwatto, wani ɗigon ya fito. A nan motsin da manhaja ke yi yana da amfani, domin yana hana ido riga baki zuwa. Amma sunan malam yana wulwulawa daga sama, wannan ba ya koya wa kowa komai.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, to sauran bayanin fa? In na cire shi zan manta.” Wannan ita ce gaskiyar da yawancin malamai ba sa faɗa. Rubutun da ke cike da bango ba don yara aka zuba shi ba, malam ne ya yi wa kansa abin dogaro. Alhali a ƙasan kowane shafi, a PowerPoint da Google Slides da LibreOffice Impress, akwai akwatin da aka tanada don malam ya rubuta abin tunawa, shi kaɗai yake ganinsa a fuskar kwamfutarsa, bango ba ya nunawa. Wanda bai iya saita wannan ba, ɗan kati a tafin hannu ya ishe shi.

Sauran gyaran ƙanana ne, kuma ba sa cin ko sisi. Take ya zama cikakkiyar magana. Maimakon a rubuta “Hijira” kawai, a rubuta “A 1804 Shehu ya bar Degel ya koma Gudu”, yadda yaron da hankalinsa ya tafi wajen tagar in ya dawo zai san inda aka kwana. Girman haruffa kuwa, wani ɗan kasuwar Amurka, Guy Kawasaki, ya shahara da shawarar kada a yi ƙasa da lamba 30. Masu neman jari ya yi wa maganar, amma ta yi wa aji daidai, kuma tana da wata fa'ida ta ɓoye: in haruffa suka yi girma, layi goma sha biyar ba za su shiga ba ko an so. Gwajin da ya fi wannan shi ne malam ya shiga ajin kafin yara, ya haska shafi, ya taka har bangon baya ya tsaya, a daidai lokacin da zai yi darasin, ba da asuba ba. A ajinmu mai yawan haske baƙin rubutu ko shuɗi mai duhu a kan fari shi ne ke tsira. A kuma guji bambanta abu biyu da ja da kore kaɗai, domin akwai yara, galibi maza, da idonsu ba ya raba launukan nan biyu, kuma da yawansu ba su ma san haka suke ba.

Wani abin da ke cinye wa malamai dare shi ne gyaran shafi ɗaya bayan ɗaya. A PowerPoint akwai wurin da ake kira Slide Master, ni uwar shafuka nake ce masa, kuma sauran manhajojin ma suna da irinsa. Ka shiga sau ɗaya, ka zaɓi salon haruffa ɗaya, launi biyu, girman take da girman rubutu, ka adana. Duk darasin da za ka haɗa har ƙarshen shekara daga nan zai fito da kamanni ɗaya, kai dai zuba magana da hoto kawai. Malaman sashe ɗaya ma za su iya haɗa guda su riƙa amfani da ita tare.

Malaman Hausa kuma suna da tasu damuwar ta daban. Yawancin haruffan ado da ke cikin waɗannan shafuka ba su san ƙugiya ba. Ka rubuta baƙi, bango ya nuna maka ɗan akwati a tsakiyar kalma, ko ka gaji ka cire ƙugiyar, baƙi ya koma baki, ƙasa ta koma kasa, a gaban yaran da gobe za ka ci su maki a kan ƙa'idar rubutu. 'Yan'uwanmu na Nijar ma abin ya fi yi musu yawa, tunda su har ya mai ƙugiya suke rubutawa. Akwai salon haruffa na kyauta da ke ɗauke da su duka, kamar Noto Sans na Google, da Andika wanda aka tsara musamman don masu koyon karatu. In ka gama, ka mayar da aikin PDF, domin kwamfutar makaranta ba lallai ta san haruffan da ke cikin taka ba, amma PDF yadda ka bar shi haka za ka same shi, ko a waya aka buɗe. Ka dai tuna cewa motsi ba ya bin PDF, don haka taswira irin ta ɗazu sai a yi ta shafi-shafi, kowane shafi ya ƙara ɗigo ɗaya.

Na san abin da wani malami yake faɗa a ransa yanzu, kuma yana da gaskiya. Zai ce, Malam, kana maganar Amurka, ni yarana ba su da littafi ko guda. Abin da suka kwafa a aji shi ne littafinsu, da shi za su shiga WAEC da NECO. In na bar musu hoto da layi ɗaya, me za su karanta a gida? Ba na musun wannan ko kaɗan. Abin da nake cewa shi ne a raba lokutan. Lokacin bayani daban, biro a ajiye, ido a kan hoto, kunne a wajen malam. Lokacin kwafa daban, minti goma na ƙarshe, shafi ɗaya ko biyu na taƙaitaccen bayani da manyan haruffa, malam ya yi shiru ya zaga yana duba rubutunsu. Hannu yana kwafa kunne yana sauraro, ɗaya sai ya sha kashi, kuma kunnen ne kullum yake shan kashin. A jami'a da kwaleji, inda ɗalibai ke ɗaga waya suna ɗaukar hoton kowane shafi, abin ya fi sauƙi: ka gaya musu tun farko cikakken bayani zai shiga zauren WhatsApp na aji bayan darasi, za ka ga wayoyin sun sauka.

Akwai kuma darussan da, a ganina, majigi bai kamata ya kusance su ba. Lissafi na gaba. Malam yana warware lissafi da alli, saurin hannunsa daidai yake da saurin tunanin yaro, in ya yi kuskure ya goge, yaro ya ga yadda ake gane kuskure. Shafin da ya faɗo da amsa a kammale ba ya koyar da wannan. Ko a darasin da ake amfani da majigin ma, in ana cikin nuni a PowerPoint ka danna harafin B, bango zai yi baƙi, idanu su dawo kanka, ka yi tambaya, a tattauna, ka sake dannawa hoto ya dawo. Na daɗe ban ga maɓallin da ya kai wannan amfani ba, kuma malamai kaɗan ne suka san da shi.

Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo, ka rubuta mata layi ɗaya ta haɗa maka shafi goma sha biyu kafin shayinka ya huce. Tana rage wahala, ban hana kowa ba. Amma ita ma halin gidansu ne da ita, cika shafi take so, kuma takan faɗi shekara ko suna ba daidai ba ba tare da ta ji kunya ba. Ka ce ta kawo hoton manomi, ta kawo maka Bature a kan tarakta cikin gonar da ba ta da iyaka. Wayar da ke aljihunka ta fi ta sanin garinku. Hoton fadamar bayan gari, ko zaizayar da ta ci hanyar kasuwa, ko rijiyar unguwa, in ka haska shi yara za su ce “Lah, wajen gidan su wane ne!”, daga nan kuma sun shiga darasin. Wanda data ke yi wa tsada, LibreOffice Impress kyauta ce kuma ba ta neman intanet, WPS Office ma tana aiki a waya.

Bayan mako biyu muka koma makarantar. Saurayin ya zo da shafi shida, ya kuma buga su a takarda ɗaya ya ninke a aljihu. Ya fuskanci yara, taswira tana bayansa. Yana shafi na huɗu, kibiya ta isa Gudu ke nan, aka ɗauke wuta. Aji ya yi “Ohhh!” Ya dubi bangon, ya dube mu, sai ya ɗauki alli ya zana taswirar a allo, tunda ɗigo huɗu ne da kibiya biyu, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Can sai yarinyar nan ta bencin baya ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, me ya sa Gudu suka tafi, ba wani garin ba?” Ya nuna mata da alli yadda Gudu take a bakin iyakar Gobir, nesa da hannun Yunfa. Wani yaro ya ce to ai da sai su ƙetare iyakar gaba ɗaya, wani ya ce a'a, gardama ta kaure, har aka kaɗa ƙararrawa ba a dawo da wutar ba.